Taku Bakwai Ƙarƙashin Tafki

Da asuba muka tura kwalekwale,
ni da tsoho Ɗan'ige da bututun ƙarfe,
a wani tafki arewa da Sakkwato.
Ya dube ni, ya dubi bututun:
"Mi kika biɗa cikin laka, ɗiyata?
Kifi na bisa, ke kina ta ƙasa."

Na ce mutane nake nema.
Ya yi dariya har sandar tuƙi ta karkace.

Muka danna, muka murɗa, muka jawo.
Laka ta fito doguwa kamar rake,
gaɓa-gaɓa, da warin tsohuwar rijiya.
Na kwantar da ita a hankali
kamar mai shimfiɗe jinjiri.

A ɗakin gwaji, ranar da aka kawo wuta,
nakan yanka ta siriri-siriri.
Taku na bakwai: farin yashi, shiru,
sai garin furen ƙirya da marke.
Daji ne cif, ba wanda ya yi tari a cikinsa.
Taku na biyar: baƙi ya soma.
Gawayi, tsaki-tsaki,
sannan gawayi kamar an zubar da dare.
Ƙirya na raguwa shafi bayan shafi,
ƙurar tama na hawa.
Wani ya sari dutse.
Wani ya ja zugazugi har kafaɗarsa ta mutu.
Wata ta kawo fura, ta ajiye daga nesa
don an hana ta matsowa bakin murhu.
Ba wanda ya rubuta sunansu.
Hayaƙinsu ne ya sauka a ruwa,
ya kwanta, ya jira ni.

Farfesa Rilwanu ya zare jan biro:
"Ina hujjar fura? Cire."
Na cire.
Na bar lamba da jadawali,
amma dai na san an sha.

Na sayar da awarwaron aurena,
na aika gawayi ƙwaya uku ƙetare,
wata biyar ina leƙen waya.
Amsa ta zo layi ɗaya:
shekara ɗari tara,
a ƙara sittin ko a rage.
Sittin!
Haihuwa, suna, noma, furfura, likkafani,
rayuwar mutum ɗungurungum
ta shige cikin "ko".

Na koma wa Ɗan'ige da labari.
Bai tanka ba. Ya ja ni bayan gari,
wani tudu da awaki ke hawa,
ya tona da babban yatsan ƙafa.
Kashin maƙera ne, tuli guda,
baƙi, mai ƙuraje, mai nauyi a hannu.
"Wanga? Da shi muka harbin kurciya muna yara.
Kakata ta ce na aljannu na."
Shekara huɗu ina haƙa ƙarƙashin ruwa,
ashe abin na cikin aljihun yara.

Akwai abin da ban sa a kundi ba:
kamu ɗaya na can sama.
Yagaggiyar ledar ruwa, farar ƙurar siminti,
murfin kwalba, batir da ya fashe ya yi gishiri.
Mu ke nan.
Shafinmu bai kai kaurin masa ba,
amma ya fi na kowa ɗaci.

Ranar kare kundi suka tambaye ni
me ya kashe wutar.
Itace ne ya ƙare? Yaƙi ne?
Ko ƙarfen fatake ya zo da araha?
Na ce ban sani ba tukuna.
Suka sunkuya suka rubuta wani abu.

Da la'asar na biyo ta unguwar maƙera.
Wani yaro na dukan ƙarfen tsohuwar mota,
zai fitar da lauje.
Tartsatsi na faɗa masa a ƙafa, bai kula ba.
Hayaƙin ya tashi, ya yi jim,
ya karkata arewa, wajen tafki.
Na bi shi da ido har yaron ya ɗago:
"Hajiya, saye za ki yi, ko kallo?"